Gadon Essebsi: Yadda sulhun dattawa biyu ya ceci Tunisiya, ya kuma bar ƙofarta a buɗe

A kalandar siyasar Tunisiya babu ranar da ta kai 25 ga Yuli nauyi. A wannan rana ce, a 1957, aka soke sarautar Bey aka ayyana jamhuriya, Habib Bourguiba ya zama shugaban ƙasa na farko. A ranar ce kuma, a 2013, 'yan bindiga suka harbe ɗan majalisa Mohamed Brahmi a ƙofar gidansa, ƙasar ta tsaya a bakin ramin fitina. A ranar 25 ga Yulin 2019 Shugaba Beji Caid Essebsi ya rasu a asibitin soja na birnin Tunis yana da shekara 92. Shekara biyu cif bayan haka, magajinsa Kais Saied ya dakatar da majalisar dokoki, ya kori firaminista, ya tattara iko a hannunsa. Da shekara ta zagayo, a ranar dai, ya gabatar wa jama'a sabon kundin tsarin mulki domin ƙuri'ar raba-gardama.

Yau jagororin adawa da dama na kurkuku, majalisa ba ta da ƙarfin da za ta tanka wa fadar Carthage, kuma 'yan Tunisiya na ci gaba da muhawara a kan inda aka kuskure. Duk muhawarar da aka tayar sai ta biyo ta kan mutum ɗaya: Essebsi, lauyan da ya riƙe ma'aikatun cikin gida da tsaro da harkokin waje, ya yi jakadanci a Faransa da Jamus ta Yamma, ya shugabanci majalisa, ya zama firaminista, sannan ya zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa kai-tsaye a zaɓe mai 'yanci. Masoyansa na cewa shi ya hana Tunisiya bin hanyar Libiya ko ta Masar. Masu sukarsa na cewa ya kwantar da ƙura ne kawai, ya bar gidan ba ƙyaure. Tarihin aikinsa na nuna cewa kowane ɓangare na riƙe da wani yanki na gaskiya.

Ɗan gidan Bourguiba

An haifi Essebsi a ranar 29 ga Nuwamba, 1926, a Sidi Bou Said, garin da ke kan tudu yana kallon Bahar Rum kusa da Tunis. Iyalinsa na cikin gidajen da suka tashi a inuwar fadar Bey. Kakan mahaifinsa, Ismail, ɗan tsibirin Sardiniya ne da aka kamo yana yaro, ya girma a fada har ya samu muƙami, kuma sunan gidan ya samo asali ne daga aikin kula da lofen sarki. Beji ya yi karatu a Kwalejin Sadiki, makarantar da ta yaye mafi yawan jagororin neman 'yanci, ya wuce Paris ya karanta shari'a, ya dawo gida a 1952 ya shiga aikin lauya yana kare 'yan jam'iyyar Neo-Destour da Turawan mulkin mallaka ke gurfanarwa.

Da aka samu 'yancin kai a ranar 20 ga Maris, 1956, Bourguiba ya jawo shi kusa. Ya fara da ba da shawara, ya shiga ma'aikatar cikin gida, a farkon 1963 kuma aka ba shi shugabancin hukumar tsaron ƙasa, jim kaɗan bayan an bankaɗo yunƙurin juyin mulki na Disamban 1962. An zartar da hukuncin kisa a kan wasu daga cikin waɗanda aka kama, har da Lazhar Chraiti, tsohon kwamandan mayaƙan da suka yaƙi Faransa. A 1965 Essebsi ya zama ministan cikin gida, ya riƙe kujerar har 1969. A zamaninsa ne aka murƙushe ɗalibai masu ra'ayin gurguzu na ƙungiyar Perspectives, aka gurfanar da su a 1968.

Wannan babi bai taɓa rabuwa da shi ba. Iyalan magoya bayan Salah Ben Youssef, abokin hamayyar Bourguiba da aka kashe a Frankfurt a 1961, sun daɗe suna zargin cewa an azabtar da 'yan uwansu a gidajen da ke ƙarƙashin kulawarsa. A 2019, yana kan mulki, rahoton Hukumar Gaskiya da Mutunci ya ambaci sunansa dangane da take haƙƙin da aka yi a wancan zamani. Ba a taɓa gurfanar da shi a kan hakan ba, amma zargin ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa dangantakarsa da hukumar ta yi tsami tun daga farko.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Bayan ya riƙe ma'aikatar tsaro na 'yan watanni, an tura shi jakada Paris a 1970. A babban taron jam'iyya da aka yi a Monastir a Oktoban 1971, ya bi sahun Ahmed Mestiri da masu neman a sassauta mulkin jam'iyya ɗaya, a bar mambobi su zaɓi shugabanninsu. Sun samu rinjaye a zauren taro, amma Bourguiba ya yi watsi da sakamakon. Essebsi ya ajiye jakadanci, ya koma ofishin lauyansa, ya shafe kusan shekara tara a waje, shekarun da aka naɗa Bourguiba shugaban ƙasa na har abada a 1975. Daga nan aka fara gane halinsa na siyasa: mutum ne da ke iya saɓa wa mai gida, amma ba ya ƙona gadar da zai dawo ta kanta.

Ranar da Amurka ta ƙi hawa kujerar na-ƙi

Ya dawo gwamnati a ƙarshen 1980, lokacin da Firaminista Mohamed Mzali ya yi alkawarin buɗe fagen siyasa. Alkawarin bai cika ba, domin a zaɓen Nuwamban 1981 jam'iyyar gwamnati da ƙawayenta sun kwashe dukkan kujeru 136, 'yan adawa suka ce an tafka maguɗi. Essebsi bai fice ba a wannan karo. Tun Afrilun shekarar yana ministan harkokin waje, kuma a wannan kujera ce ya yi aikin da har abokan gabarsa ke jinjina masa.

A lokacin Tunis ce hedikwatar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, tun da aka ɗauke ta daga Alƙahira a 1979 saboda sulhun Masar da Isra'ila. A Agustan 1982, bayan mamayar Beirut, mayaƙan Falasɗinawa suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Bizerte, ƙungiyar PLO ta Yasser Arafat ta kafa hedikwatarta a Tunisiya. A Maris ɗin 1983 ƙasar ta ƙulla yarjejeniyar 'yan uwantaka da Aljeriya, domin samun garkuwa daga Libiya ta Mu'ammar Gaddafi, wadda a 1985 ta kori dubban ma'aikata 'yan Tunisiya har aka yanke hulɗa.

Ana cikin wannan rikici da Libiya, a safiyar 1 ga Oktoba, 1985, jiragen yaƙin Isra'ila suka keto sama da kilomita 2,000 suka ruguza hedikwatar PLO a Hammam Chott, kudu da Tunis. Mutum fiye da 60 suka mutu, Falasɗinawa da 'yan Tunisiya. Arafat ya tsira. Isra'ila ta ce ramuwa ce ga kisan 'yan ƙasarta uku a Larnaca ta Cyprus. Abin da ya fi ƙona wa Bourguiba rai shi ne martanin farko na Fadar White House, wadda ta ɗauki harin a matsayin halastaccen martani. Shi da ya shafe shekaru ana yi masa gorin ɗan gaban goshin Amurka, sai ga aminiyar tasa ta juya masa baya.

Essebsi ne ya jagoranci ƙarar a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikin da ke gabansa mai wuya ne: ya samo kalmomin da za su kira harin da sunansa, ya kuma fahimtar da Washington cewa idan ta hau kujerar na-ƙi, za ta raunana gwamnatin Larabawa mafi kusanci da ita, ta ba Gaddafi abin da yake nema. A ranar 4 ga Oktoba kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 573 da ƙuri'a 14, babu mai adawa, Amurka ta ƙaurace. Ƙudurin ya yi Allah wadai da harin, ya kira shi ta'addi da makami, ya kuma ce Tunisiya na da haƙƙin diyya. Wanda ke son auna girman wannan nasara ya duba abin da ya biyo bayan harin da Isra'ila ta kai wa jagororin Hamas a Doha a Satumban 2025: kwamitin ya fitar da sanarwar yin tir ne kawai, ba tare da ambaton sunan Isra'ila ba, duk da arzikin Ƙatar da sansanin sojan Amurka da ke ƙasarta.

Darasin da Essebsi ya ɗauka daga wannan mako shi ne cewa ƙaramar ƙasa marar man fetur mai yawa, marar babbar runduna, ba ta da jarin da ya wuce amincin da manya ke yi mata, da iya karanta abin da abokin ciniki ke tsoron rasawa. Da wannan ma'auni ya auna Rached Ghannouchi bayan shekara 28.

Kiran da ya zo yana da shekara 84

Ya bar ma'aikatar waje a Satumban 1986, aka tura shi jakada Bonn. Bayan Zine El Abidine Ben Ali ya tunɓuke Bourguiba a ranar 7 ga Nuwamba, 1987, Essebsi ya shiga jam'iyyar sabon shugaban, ya shugabanci majalisar wakilai daga 1990 zuwa 1991, shekarun da aka fara farautar 'yan ƙungiyar Ennahda. Daga baya ya janye jiki ya koma gefe, bai zama ɗan adawa ba, bai kuma ci gaba da cin moriyar gwamnati a fili ba. A 2009 ya wallafa littafi a kan Bourguiba, mutane suka ɗauka wasiyyar siyasarsa ce.

Sai guguwar sauyi ta taso. Ben Ali ya tsere Saudiyya a ranar 14 ga Janairu, 2011. Matasa suka mamaye dandalin Kasbah suna ƙin Firaminista Mohamed Ghannouchi, wanda ya yi wa hamɓararren shugaban aiki sama da shekara goma. Da ya sauka a ranar 27 ga Fabrairu, aka ɗauko Essebsi, domin ya san cikin hukuma ciki da bai, kuma shekara ashirin ɗin da ya yi a gefe sun wanke shi a idon da yawa. Cikin makonni aka rushe rundunar 'yan sandan siyasa, kotu ta soke jam'iyyar RCD, aka amince a zaɓi majalisar tsara kundin mulki. A daidai lokacin yaƙin Libiya ya koro dubban ɗaruruwan mutane ta mashigar Ras Jedir, cikinsu har da leburori 'yan Afirka ta Yamma, Tunisiya kuma ta bar iyakarta a buɗe.

An yi zaɓe a ranar 23 ga Oktoba. Ennahda ta zo ta ɗaya da kujeru 89 cikin 217. A Disamba Essebsi ya miƙa mulki ga Hamadi Jebali, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa a kurkukun Ben Ali. Tsohon ministan cikin gida ya miƙa makullan gwamnati ga tsohon fursuna ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. A duniyar Larabawa ta wancan lokaci wannan baƙon abu ne.

Ganawar Paris

Bai koma gida ya zauna ba. A Yunin 2012 ya kafa jam'iyyar Nidaa Tounes, wadda ta haɗa tsofaffin 'yan Destour da 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago da masu ra'ayin gurguzu. Abu ɗaya ne ya ɗaure su: tsoron Ennahda. Takensa shi ne maido da kwarjinin hukuma, kuma da barkwancinsa da karin maganar Tunis da ayoyin Alƙur'ani da yake yawan kawowa, ya shiga zukatan masu kewar zamanin Bourguiba, har suka laƙaba masa Bajbouj.

Shekarar 2013 ta zo da jini. An kashe Chokri Belaid a ranar 6 ga Fabrairu, aka kashe Brahmi a Yuli, makonni uku bayan sojan Masar sun kifar da Mohamed Morsi. Dubban mutane suka yi zaman dirshan a dandalin Bardo suna neman a rushe majalisa. A cikin 'yan adawa akwai masu son a maimaita abin da aka yi a Alƙahira, a cikin Ennahda kuma akwai masu cewa halascin ƙuri'a ba abin ciniki ba ne.

A tsakiyar Agusta, a daidai kwanakin da aka zubar da jini a dandalin Rabi'a na Alƙahira, Essebsi da Ghannouchi suka gana a wani otal a Paris. Ba a wallafa wata takarda ba, amma abin da ya biyo baya ya nuna abin da aka ƙulla. Ennahda ta yarda ta sauka ta bar wa gwamnatin ƙwararru ƙarƙashin Mehdi Jomaa, ta kuma janye daga dokar da za ta haramta wa jami'an tsohuwar gwamnati tsayawa takara, dokar da za ta yi wa Nidaa Tounes mummunan lahani. Shi kuma Essebsi ya yarda cewa Ennahda ta zauna daram a fagen siyasa, ba za a mayar da ita kurkuku ba. Ƙungiyoyi huɗu, wato ƙungiyar ƙwadago ta UGTT, ta masu masana'antu, ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam, suka jagoranci tattaunawar ƙasa, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2015. A ranar 26 ga Janairu, 2014, majalisa ta amince da kundin tsarin mulki da ƙuri'a 200.

A zaɓen Oktoban 2014 Nidaa Tounes ta samu kujeru 86, Ennahda 69. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, a Disamba, Essebsi ya doke Moncef Marzouki da kashi 55.68 cikin 100. Ya yi yaƙin neman zaɓe ne a kan cewa duk wanda bai zaɓe shi ba ya zaɓi Ennahda. Bayan makonni kaɗan sai ga Ennahda cikin gwamnatin Habib Essid.

Kuɗin da aka biya wa sulhu

Hujjar dattawan biyu ba ta da rauni. Ƙasar na cikin haɗari: an kai hari gidan tarihi na Bardo a Maris ɗin 2015, an kashe mutum 38 a bakin tekun Sousse a Yuni, an tayar da bam a motar masu tsaron fadar shugaban ƙasa a Nuwamba, harkar yawon buɗe ido ta durƙushe. A irin wannan hali, barin jam'iyya mai kujeru 69 a waje tana jin an ware ta wasa da wuta ne. Kuma a nan ƙwarewar tsohon jakadan ta yi amfani: a 2015 Amurka ta ba Tunisiya matsayin babbar ƙawa a wajen NATO, a 2016 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da bashin kusan dala biliyan 2.9, a rikicin ƙasashen Gulf na 2017 Tunisiya ta ƙi ɗaukar ɓangare, a Maris ɗin 2019 ta karɓi baƙuncin taron ƙolin Larabawa.

Sai dai sulhun ya ci abubuwa uku masu tsada. Na farko, ya kashe ma'anar ƙuri'a. Wanda ya zaɓi Nidaa don ya kori Ennahda, da wanda ya zaɓi Ennahda don ya tare dawowar tsohuwar gwamnati, duk sun wayi gari sun ga jagororinsu a tebur ɗaya. Da manyan jam'iyyu biyu suka haɗe, ba sauran babbar adawa a majalisa, fushin jama'a ya rasa mafita a cikin tsarin, ya koma kan tsarin kansa.

Na biyu, sulhun ya ginu ne a kan ɗage duk abin da zai jawo saɓani. Gyaran haraji, kamfanonin gwamnati masu asara, 'yan tsirarun gidajen da suka kankane lasisin kasuwanci, tazarar da ke tsakanin biranen gaɓar teku da yankunan ciki irin su Kasserine da Sidi Bouzid inda juyin ya fara, duk an bar su sai wata rana. Bashin ƙasa da ke kusan kashi 40 cikin 100 na arzikin da take samarwa a 2010 ya haura kashi 70 kafin ƙarshen mulkinsa. Dinar da ake canzar da dala ɗaya a kan kusan 1.4 a 2011 ta kai kusan 3 a 2019. Rashin aikin yi ya tsaya a kan kashi 15, ya fi haka nesa a tsakanin masu digiri. A Satumban 2017 majalisa ta zartar da dokar yafe wa jami'an gwamnatin Ben Ali da aka zarga da hannu a almundahana, dokar da ta fito daga fadar shugaban ƙasa, matasa suka fassara ta da cewa barawo ya sha.

Na uku, jam'iyyar da ya kafa ta wargaje a kan gado. Ɗansa Hafedh Caid Essebsi ya karɓe ragamarta, manyan 'yan jam'iyya irin su Mohsen Marzouk suka fice, tun farkon 2016 Ennahda ta koma mafi yawan kujeru a majalisa. Youssef Chahed, matashin da Essebsi ya ɗauko ya naɗa firaminista a Agustan 2016, ya shiga takun-saƙa da ɗan, Ennahda ta goyi bayan Chahed, a Satumban 2018 shugaban ya fito ya ce sulhu ya ƙare. Mutumin da ya bar jakadanci a 1971 saboda rashin dimokuraɗiyya a cikin jam'iyya ya kasa hana tasa zama kayan gida. A zaɓen Oktoban 2019 Nidaa Tounes ta samu kujeru 3.

Ko yunƙurinsa na barin tarihi irin na Bourguiba a kan batun mata bai kai gaci ba. A ranar 13 ga Agusta, 2017, ya nemi a daidaita rabon gado tsakanin namiji da mace. Malaman Zaituna da Jami'ar Azhar suka ce nassin Alƙur'ani a kan gado a bayyane yake, Ennahda ta ƙi, ƙudurin ya kwanta a majalisa. Abin da ya samu shi ne soke umarnin 1973 da ya hana rajistar auren Musulma da wanda ba Musulmi ba. Kais Saied, wanda ya fito fili ya ƙi daidaita gadon, ya amfana da wannan ce-ce-ku-ce a zaɓen 2019.

Kotun da ba a kafa ba

Kuskuren da ya fi kowanne tsada ba ya cikin waɗanda aka yi ta ihu a kansu a lokacin. Kundin 2014 ya raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, ya kuma tanadi Kotun Tsarin Mulki mai alƙalai 12 da za ta raba gardama: majalisa ta zaɓi huɗu, majalisar ƙoli ta shari'a huɗu, shugaban ƙasa huɗu. Kundin ya ce a kafa ta cikin shekara ɗaya bayan zaɓen majalisa. Kason majalisa na buƙatar kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 145. Nidaa da Ennahda a farkon zango suna da 155 a tsakaninsu. Amma kowace na tsoron alƙalin da ɗayar za ta kawo, kuma muddin dattawan biyu na warware matsala a ɗaki, babu wanda ya ji matsin kafa kotu. Har wa'adin majalisar ya ƙare alƙali ɗaya tak aka zaɓa, a 2018.

An ga haɗarin tun Essebsi na raye. Da aka kwantar da shi rai a hannun Allah a ranar 27 ga Yuni, 2019, ranar da 'yan ƙunar baƙin wake biyu suka kai hari Tunis, sai aka tuna cewa kotun da babu ita ce kaɗai ke da hurumin ayyana cewa kujerar shugaban ƙasa ta zama fanko. Da ya rasu bayan wata guda, hankalin 'yan siyasa ya cike giɓin: aka rantsar da kakakin majalisa Mohamed Ennaceur cikin sa'o'i, aka matso da zaɓe, Saied ya lashe da sama da kashi 72 cikin 100. Duniya ta yaba, amma dacewa ce aka yi.

A Afrilun 2021 Saied ya ƙi sa hannu a kan gyaran dokar da zai sauƙaƙa zaɓen alƙalan, yana mai cewa wa'adin kafa kotun ya wuce tuntuni. Bayan wata uku ya kafa hujja da sashe na 80, wanda ya ba shugaban ƙasa damar ɗaukar matakan gaggawa idan ƙasa na fuskantar haɗari. Sashen ya ce majalisa ta ci gaba da zama a tsawon lokacin, kuma bayan kwana 30 ana iya kai batun gaban Kotun Tsarin Mulki ta yanke ko a ci gaba ko a tsaya. Majalisa an rufe ta da motocin soja, kotu kuwa babu ita. Jama'a da annobar korona da tsadar rayuwa da dambarwar 'yan majalisa suka gallaba sun fito tituna suna murna.

Abin da ya rage

Abin da ya biyo baya ya zo daki-daki. An rushe majalisar ƙoli ta shari'a a Fabrairun 2022, an kori alƙalai 57 a Yuni. Sabon kundin mulki ya wuce da fitowar kusan kashi 30 cikin 100 na masu zaɓe, zaɓen majalisa na Disamban 2022 kuwa kusan kashi 11 ne suka fita. An kama Ghannouchi a goman ƙarshe na Ramadan, a Afrilun 2023, yana da shekara 81, daga baya aka yi masa ɗaurin shekaru masu yawa. An kama Abir Moussi, babbar abokiyar gabarsa mai kare gadon Destour, a Oktoban shekarar. Sihem Bensedrine, shugabar hukumar da ta ambaci sunan Essebsi, ita ma ta shafe watanni a tsare. A Oktoban 2024 Saied ya sake lashe zaɓe da sama da kashi 90 cikin 100, ɗaya daga cikin abokan takararsa biyu na kurkuku. A Afrilun 2025 kotu ta yanke wa gomman 'yan siyasa da lauyoyi da 'yan kasuwa ɗaurin da ya kai shekara 66 bisa zargin haɗa baki a kan tsaron ƙasa.

Jarin diflomasiyyar da Essebsi ya tara shi ma ya zaizaye. Jawabin Saied na Fabrairun 2023, wanda ya danganta baƙin haure daga kudu da Sahara da makircin sauya fasalin al'ummar Tunisiya, ya jawo tir daga Tarayyar Afirka, ƙasashe irin su Gini da Mali da Kwaddebuwa suka kwashe 'yan ƙasarsu. Yarjejeniyar bashin dala biliyan 1.9 da aka cimma da Asusun Lamuni a 2022 ta tsaya cik, hulɗa da Turai kuma ta koma kusan kacokan a kan tare jiragen baƙin haure.

Ba adalci ba ne a ɗora wa mamaci abin da magajinsa ya aikata da hannunsa. Essebsi ya miƙa mulki da ya ga sakamakon zaɓe a 2011, ya ƙi hanyar Masar a 2013 lokacin da wasu na kusa da shi ke sha'awarta, kuma a zamaninsa 'yan jarida da masu barkwanci sun yi masa ba'a sun kwana a gidajensu. Amma shi ɗan makarantar da ta yarda cewa ƙasa na tafiya ne da hikimar manya, kuma ya fi amincewa da ganawar ido da ido a kan hukumar da za ta iya ce masa a'a. Wannan dabara ta yi aiki a New York a 1985, ta yi aiki a Paris a 2013, domin a duka biyun ana neman tsallake mako ɗaya ne mai haɗari. Tsarin mulki kuwa ana gina shi ne domin ranar da masu hikimar ba sa nan.

Tambayar ba ta zama tarihi ba tukuna. Kundin 2022 da Saied ya rubuta shi ma ya tanadi Kotun Tsarin Mulki, ya kuma ce shugabanta ne zai riƙe ƙasa idan kujerar shugaban ƙasa ta zama fanko. Ita ma ba a kafa ta ba. A 2019 akwai kakakin majalisa da kowa ya yarda da shi, akwai hukumar zaɓe da 'yan takara suka amince da ita, akwai jam'iyyu da ƙungiyoyin da za su zauna su daidaita. Idan irin wannan rana ta sake zuwa, mafi yawan waɗanda za su iya zama a teburin suna gidan yari ko gudun hijira.